Takalmin Taya Don Wasan Hoki: Abin da Matashin Kiru Ya Kamata Ya Duba Kafin Ya Biya Kuɗi

Duk wanda ya saba zirga-zirga a birnin Kano da yamma ya san su: samari a kan takalmin taya, suna ratsa tsakanin motoci, wani ma ya kama bayan adaidaita sahu tana jan sa. Bidiyonsu ya cika TikTok da Facebook, kuma wayar da ke hannun saurayi a Fagge ita ce a hannun ɗan'uwansa a Kiru, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa. Daga kallo sai sha'awa, daga nan kuma sai tambayar wane takalmi za a saya, kuma nawa.

Ga wanda burinsa ya wuce yawo, yana so ya haɗa abokai su riƙa buga hoki, wato ƙwallon gora a kan taya, tambayar ta fi nauyi. Wasan akwai juyi na gaggawa, da tsayuwar ba-zata, da ƙwallo da sanda suna dukan ƙafa. Takalmin da zai yi shekara ana yawo da shi, hoki zai iya kashe shi a wata ɗaya. Sannan mutumin Kiru ba shi da shagon kayan wasanni a bakin gida. Idan ya shigo Kano ya yi kuskuren zaɓi, ya yi asarar kuɗin takalmi da kuɗin mota gaba ɗaya.

Mafi yawan masu saye suna fara duba sunan kamfani da launi. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ƙasar da za a yi wasa a kanta, sai ƙafar da za ta shiga takalmin.

Daga ƙanƙara aka samo shi

Takalmin da tayoyinsa ke jere a layi ɗaya tsohon abu ne. An ruwaito cewa wani maƙeri ɗan Beljiyam mai suna John Joseph Merlin ya shiga wani biki a Landan a shekarun 1760 a kan irinsa yana goga goge, ya kasa tsayawa, ya faɗa kan wani katon madubi. A 1863 James Plimpton na Amurka ya fito da mai taya biyu gaba biyu baya, wanda ya mamaye duniya fiye da shekara ɗari.

Mai layi ɗaya ya dawo ne ta hannun 'yan hokin ƙanƙara. A 1980 wasu 'yan'uwa biyu a Minneapolis ta jihar Minnesota, Scott da Brennan Olson, suka fara haɗa tayoyi a ƙarƙashin takalmin hoki don su ci gaba da atisaye idan ƙanƙara ta narke. Sana'arsu ce ta zama kamfanin Rollerblade. Ke nan asalin wannan takalmi dabara ce ta mai son hoki da ya rasa ƙanƙara, kuma wannan shi ne halin duk mai son wasan a ƙasar Hausa.

A Afirka ma akwai masu tafiya a wannan hanya. Namibiya tana da tawagar hokin taya da ke zuwa gasar duniya. A Nairobi ta Kenya akwai filin ƙanƙara a otal ɗin Panari inda ƙungiyar Ice Lions ke atisaye, amma yawancin matasan birnin a wurin ajiye motoci na tsakiyar gari suke koyon taya ranar Lahadi, lokacin da babu motoci.

Wanda ya koya a kan ƙanƙara

Akwai ɗalibai da 'yan kasuwa da suka fara sulun ƙanƙara a waje, a Rasha, Turkiyya, Sin ko Dubai, suka dawo gida da sha'awar. Irin wannan mutum ya riga ya iya tsayuwa da tura ƙafa, amma abubuwa biyu za su ba shi mamaki.

Na farko juyi. Ƙarfen takalmin hokin ƙanƙara yana da ɗan lanƙwasa daga gaba zuwa baya, shi ya sa ɗan guntu ne kawai ke taɓa ƙanƙara a lokaci guda, mutum ya juya a inda yake. Tayoyi huɗu masu girma ɗaya kuwa duk suna zaune a ƙasa, sai ya ji kamar an ɗora shi a kan layin dogo. Maganin wannan mai sauƙi ne: a sa tayoyi masu milimita 80 guda biyu a tsakiya, a sa masu milimita 76 a gaba da baya. Takalmin zai riƙa juyawa kusan kamar na ƙanƙara, sai dai zai rage natsuwa idan aka yi gudu. Sabon shiga ya dakata da wannan tsari har ƙafarsa ta zauna.

Na biyu tsayuwa, kuma nan ne ake jin ciwo. A kan ƙanƙara mutum yana juya ƙafafunsa a karkace, ƙarfe ya kankare ƙanƙara ya tsaya. Taya ba ta kankarar kwalta, kama ta take yi. Wanda ya gwada wannan tsayuwa ranar farko, ƙafafunsa za su tsaya, jikinsa ya wuce. Dole ya sake koyo: jan ƙafa ɗaya a baya a gicciye, ko rage gudu ta hanyar zagaye.

Iri uku da za a tarar a kasuwa

Takalmin hoki na asali, irin na Bauer, Mission, CCM, Tour ko Alkali, igiya kawai ake ɗaure shi da ita, bakinsa na gaba yana da tauri don kare yatsu, kuma ba shi da birki a baya. Da yawansu suna zuwa da tsarin da ake kira Hi-Lo: tayoyin baya biyu milimita 80, na gaba biyu milimita 76, don jiki ya ɗan karkata gaba. Shi ne ya fi dacewa da wasan, amma yana da tsada, samunsa a Kano sai an dace, kuma sau da yawa tayoyin da yake zuwa da su na cikin ɗaki ne.

Na biyu shi ne takalmin motsa jiki mai laushi, wanda samansa yadi ne kamar kambas. Yana da daɗin sawa kuma iska na shiga, abin da ke da amfani a zafin Maris da Afrilu. Matsalarsa idan ƙwallo ko sanda ta bugi yatsu babu abin da zai tare, kuma yadin yana saurin sakewa idan ana yawan juyi.

Na uku shi ne mai ƙoƙon roba mai tauri, da safa mai kauri a ciki da ake iya cirewa a wanke. Rollerblade, Powerslide, Roces, Oxelo na Decathlon, da kamfanonin Sin irin su Flying Eagle da Cougar duk suna yin sa. Ga mai wasan nishaɗi a kan siminti ko kwalta, wannan ya fi cancanta da kuɗinsa: yana riƙe idon sawu, yana jure faɗuwa da gogayya, kuma ana iya kwance birkinsa idan yana kawo cikas wajen haɗa ƙafafu.

Akwai na huɗu da ya kamata baligi ya kauce wa: wanda ake ja a ƙara masa tsawo, mai tayoyi masu walƙiya. An yi shi ne don yara masu girma da sauri. Ga yaro ɗan shekara takwas babu laifi. Ga saurayi mai nauyin kilo 65 da ke juyi da sanda a hannu, mahaɗin tsakiyarsa wuri ne na rauni.

Taya ita ce rabin takalmi

A jikin kowace taya ta kirki akwai lambobi biyu, misali 80mm da 85A. Ta farko girma ce, ta biyu tauri.

Wajen girma, hoki yana son milimita 72 zuwa 80. Manyan tayoyi na 100, 110 ko 125, waɗanda galibi uku ake sawa a ƙafa, na gudu ne da doguwar tafiya. Suna ɗaga mutum sama, suna jinkirta tashi da juyi. Suna da kyau a hoto, amma a ƙaramin fili wahala ce.

Wajen tauri, yadda lamba ta ƙaru haka taya ta ƙara tauri. Masu 74A zuwa 78A an yi su ne don daɓen roba ko katako mai santsi na cikin ɗakin wasa. Idan aka hau kwalta da su, sai su riƙa zaizayewa kamar sabulu a ruwa. Don waje ana bukatar 82A zuwa 85A, kuma mai jiki ya fi bukatar mai tauri. Wannan shi ne tarkon da mai sayen takalmin hoki na gwanjo ke faɗawa: ya ga babban suna ya biya, bai lura cewa tayoyin 76A ne ba, bayan 'yan makonni ya koma neman taya takwas.

Sai kuma abin da aka yi tayar da shi. Ta kirki ana yin ta da PU, roba mai ɗan danshi da ke kama ƙasa. Ta araha ana yin ta da PVC. Gwajin ba ya bukatar na'ura: a cire taya a sake ta a kan siminti. PU za ta yi tsalle ta dawo, PVC za ta yi ƙara ta kwanta. Tayar PVC tana zamewa a lokacin juyi, kuma kowane tsakuwa sai ƙafa ta ji shi.

Boris da ƙurar hunturu

Kowace taya tana da boris biyu, ke nan takalmi mai taya takwas yana ɗauke da boris 16. Kusan dukkansu lamba ɗaya ce, 608: ramin tsakiya milimita 8, faɗin waje milimita 22, kauri milimita 7. Wannan labari ne mai daɗi ga mutumin karkara, domin 608 boris ne gama-gari da ake amfani da shi a ƙananan injina, ana iya tambayarsa wajen masu sayar da boris da kayan gyara ba sai an je shagon wasanni ba.

Masu talla suna son nuna rubutun ABEC 7 ko ABEC 9 a kwali kamar shi ne ma'aunin gudu. ABEC ma'auni ne na daidaiton ƙira da aka tsara don injinan masana'antu, bai faɗi ingancin ƙarfe ko yadda boris zai jure ƙura ba. A yankin da iskar hunturu ke kaɗawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, murfin boris ya fi wannan lamba muhimmanci. Mai rubutun 2RS yana da murfin roba a gefe biyu, ya fi mai ZZ na ƙarfe hana ƙura shiga.

Idan taya ta fara ƙara ko ta daina juyawa da kyau, a cire boris, a buɗe murfin, a wanke da kananzir, a bar shi ya bushe sarai, a ɗiga masa man keken ɗinki ɗigo ɗaya ko biyu. Mai da yawa ƙura yake kira. Da damina kuma a guji shiga ruwa, tsatsa tana kama boris cikin kwana kaɗan.

Awon ƙafa kafin a hau mota

Takalmin da ya yi wa mutum yawa ya fi kowane haɗari, domin ƙafa tana yawo a ciki, idon sawu ya karkata, a samu targaɗe. Al'adar sayen takalmi da ɗan rara ba ta aiki a nan.

Kafin a tafi kasuwa, a taka farar takarda da safa a ƙafa, dunduniya a jikin bango, a yi alama a ƙarshen yatsa mafi tsawo, a auna da santimita. A auna ƙafa biyu a ɗauki mafi tsawo. Yawancin kamfanoni suna rubuta wannan awo a jikin takalmi ko a jadawalinsu, kuma ya fi lambar 42 ko 43 tabbas, tunda lambobin suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Takalman hoki na asali ma lambarsu takan yi ƙasa da ta takalmin yau da kullum da lamba ɗaya ko ɗaya da rabi a ma'aunin Amurka.

Wajen gwaji, idan mutum ya miƙe yatsunsa su ɗan taɓa gaba, idan ya lanƙwasa gwiwa su ja baya kaɗan. Dunduniya kada ta ɗaga. A tsaya da shi aƙalla minti goma a shagon. Wurin da ya fara ciwo a minti goma zai zama kumburi a awa ɗaya.

Sabo ko gwanjo

A Kano ana neman irin waɗannan kaya a kasuwar Sabon Gari da wajen 'yan gwanjon takalma na Ƙofar Wambai, sai kuma intanet, a Jumia, Jiji ko AliExpress. Farashi yana bin dala, don haka abin da aka ji wata uku da suka wuce ba lallai ya tsaya ba. Abin da ba ya canzawa shi ne gwanjon kamfanin kirki yakan fi sabon da ba shi da suna, muddin an duba shi da kyau.

Roba tana tsufa ko ba a sa ta ba. Takalmin da ya yi shekara ashirin a ɗakin ajiya a Turai zai iya zuwa yana ƙyalli, ya tsage a hawan farko. Don haka a matsa ƙoƙon da hannu a duba ko akwai tsaga ko wurin da ya yi fari-fari, musamman inda saman ya haɗu da ƙasan a gefen idon sawu. A ja kowane maɗauri a ga yana kamawa. A cire safar ciki a duba ko soson ya fara rududdugewa. A kifa takalmin a kalli firam, wato abin da ke riƙe da tayoyi: ya zama a miƙe, kuma na alminiyam ya fi na roba. A tafi da alanki mai milimita 4 a gwada kowace kusar taya, domin kusar da kanta ya cinye ba za ta kwantu ba, kuma tayar da ba ta kwantuwa ba ta canzuwa. A jikin firam da yawa an rubuta girman taya mafi girma da zai ɗauka, a karanta.

Tayoyin gwanjo da suka cinye ta gefe ɗaya ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin neman ragi ne. Amma tsagaggen ƙoƙo ko lanƙwasasshen firam ba su da gyara. Mai saye ta intanet kuma ya nemi hoton lambobin taya da na awon santimita, kuma idan daga hannun mutum zai saya, kada ya tura kuɗi kafin shi ko wani nasa ya ga kayan.

Kada kuɗin ya ƙare a takalmi

Idan mai taya ya faɗi, hannu yake fara kaiwa ƙasa, shi ya sa karayar wuyan hannu ke cikin raunukan da aka fi samu a wannan wasa. Makarin wuyan hannu, makarin gwiwa da na gwiwar hannu, da hular kwano, duk kuɗinsu bai kai na ɗori da jinyar wata biyu ba, balle idan karayar ta faɗo lokacin girbi ko jarrabawa. Shawarar da ta fi ita ce a ware kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin don kariya da tayoyin canji, a sayi takalmi da sauran. Hular keke ta fi ta babur sauƙi a ka, amma ko ta babur ɗin ta fi babu.

Sauran kayan wasan ba su da yawa. Faifan roba na hokin ƙanƙara ba ya tafiya a kan siminti, birkicewa yake yi, don haka ana amfani da ƙwallon roba mai launin ruwan lemo da ba ta cika tsalle ba. Sanda mai bakin robar ABS ita ke jure gogar ƙasa. Kafin a samu, kafinta zai iya fitar da ta katako. A ƙa'idar hokin taya 'yan wasa huɗu ne da mai tsaron gida a kowane ɓangare, amma uku da uku da duwatsu biyu a matsayin raga ya isa a fara.

Don tayoyi su daɗe, a riƙa sauya musu wuri: ta farko ta koma gurbin ta uku, ta biyu ta koma na huɗu, a juya gefen da ya cinye ya kalli waje.

Ina za a buga?

Wannan ce tambayar da ta fi wuya a kudancin Kano. Shimfiɗa mafi santsi a yankin ita ce babbar hanya, ko ta Kano zuwa Zariya ko wadda ta balle daga Kwanar Dangora ta bi Tudun Wada ta ratsa dajin Falgore. Hanyoyi ne na tireloli da motocin haya masu gudu, kuma direban babbar mota ba zai iya tsayawa saboda yaron da tsakuwa ta kayar ba. Kama bayan mota ko adaidaita sahu, komai kyansa a bidiyo, yana ƙarewa ne ranar da taya ɗaya ta faɗa rami.

Hoki ma ba ya bukatar titi. Fili mai tsawon mita 25 da faɗin mita 15 ya isa, wato kusan girman filin ƙwallon kwando. Farfajiyar makaranta mai daɓen siminti, harabar ofis bayan an tashi aiki, ko daɓen shanya amfanin gona idan kaka ta wuce, duk za su yi idan an nemi izinin masu wurin. A share tsakuwa da yashi kafin a fara. Daɓen intalok yana girgiza ƙafa kuma yana tare ƙwallo, a bar shi sai an rasa wani.

Kano ba baƙuwar wasa a kan taya ba ce. Ƙwallon ƙafar masu larurar shan-inna, wadda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988, a kan allon katako mai tayoyi ake buga ta a filin siminti, kuma ta kai ana gasarta tsakanin jihohi. Da kayan da maƙerin unguwa zai iya haɗawa aka fara ta.

Ga matashin da ke shirin shiga Kano da kuɗinsa, jerin gajere ne: awon ƙafa a rubuce da santimita, alanki a aljihu, takalmi mai ƙoƙo mai tauri da firam na alminiyam, tayoyin PU masu milimita 76 zuwa 80 da taurin 82A zuwa 85A, boris 608 mai murfin roba, da makarin hannu da gwiwa a jaka ɗaya. Idan kuɗin bai kai duka ba, gara a ƙara wata ɗaya ana tari, araha ba ta ado. Idan kuma abokai huɗu ko biyar za su fara tare, su sayi taya mai girma ɗaya, don idan ta wani ta lalace a ranar wasa a samu wadda za a ara masa.